Tun Ranar da Tsohuwa Ta Faɗi

Talata, da hantsi

An yi wa Tsohuwa aiki jiya. Ƙashin ƙugu ne ya karye, an sa mata ƙarfe. Tsohuwa nake kiran matata tun gashinta bai fara fari ba, ita kuma ta rama da Injiniya, ni da ban taɓa zaman ofis ba, hawa falwaya da ɗaurin wayar lantarki kawai na sani har na yi ritaya.

Autarmu ce a wurinta. Ta bugo ta ce an fito lafiya, kuma abin da uwarta ta fara tambaya da allurar barci ta sake ta shi ne ko an shanya wankin.

Ba a shanya ba. Matar maƙwabcinmu na ƙasa ce ta hawo da bokitin ta ajiye a bakin ƙofa. Yana nan yadda yake, har ya fara wari.

Ranar Asabar ne da safe. Ta ɗauki bokitin za ta sauka tsakar gida, ina biye da ita zan sayo burodi. A kwanar matattakala ne, inda ƙarfen dafawa yake girgiɗi. Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Maƙwabta suka ɗauke ta, wani ya ce in koma sama in ɗauko mata mayafi da katin asibiti. Na hau. Kafin in gano katin, mota ta tafi.

Tun daga nan ban sauka ba. Gobe zan je asibitin.

Laraba, bayan la'asar

Na tashi da mura-mura, maƙogwaro yana ƙaiƙayi. Ba a shiga wurin marasa lafiya da mura, Auta ma ta yarda da haka. Ta kawo mini shinkafa da miya a kula, ta sake wanke kayan nan, ta sauka ta shanya. Ina jin takunta a matattakala, tana sauri, ga silifas mai santsi. Na leƙa ta taga na ƙwala mata kira, na ce ta riƙa dafa bango. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya.

Alhamis, da safe

Ban je ba. Murar ce.

Juma'a, bayan azahar

Direba ya zo. Abokina ne tun muna samari, ya tuƙa bas har ido ya fara gaza masa, yanzu da sanda yake yawo, gwiwa ɗaya ta ƙi lanƙwasuwa. Tun daga ƙasa nake jin hawowarsa: sanda, ƙafa, nishi, yana zagin wanda ya gina benen.

Ya zube a kujera yana haki ya ce, "Ba mu gan ka a masallaci ba. An yi wa Madam addu'a, mai Madam babu."

Na ce mura ce. Ya leƙo fuskata ya ce, "Wace irin mura ce ba majina ba atishawa? Ta zamani ce?"

Ya ce ya je dubiya jiya. Tana ɗakin mata, a gadon da ke jikin taga. Ta rame amma bakin yana nan, har ta ce da shi ya rage tumbi kafin ya haihu. Ya ce gobe ɗansa zai kai mu a mota, in shirya da wuri. Na ce mai gyaran famfo zai zo gobe. Famfon yana ɗiga, wannan gaskiya ce. Ya fi shekara yana ɗiga.

Lahadi, da hantsi

Auta ta haɗa ni da Tsohuwa a waya. Muryarta ta yi ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

"Injiniya, ka ci abinci?"

"Na ci. Yaya jikin?"

"Da sauƙi. Kana shan maganin hawan jinin?"

"Ina sha."

"Akwai tukunyar miya a firij. A zubar, ta lalace yanzu."

Shi ke nan. Ba ta ce yaushe zan zo ba. Na yi ta jira ta tambaya don in ce mata gobe. Ba ta tambaya ba.

Talata, da yamma

Na gyara zamana. Na jawo babbar kujera kusa da ƙofar banɗaki, na ajiye filas da rediyo da magani da waya a kan ƙaramin tebur, inda hannu zai kai. Ashe mutum ba ya bukatar gida duka. Ɗakin girki ma sau ɗaya nake shiga, in dafa ruwan da zai kai ni yamma.

Wanka a zaune nake yi, a kan bokitin da na kife. Sabulu na daina sa wa tafin ƙafa.

Yau kuma na yi salla a zaune. Da na sunkuya ruku'u sai na ji ƙasa ta taso mini, na dafa bango. Ba jiri ba ne, na san jiri. Simintin kawai na gani, na ga taurinsa. Shekara da shekaru ina taka shi, ban taɓa lura da yadda yake da tauri ba.

Laraba, da rana

Ƙwan fitilar lungun banɗaki ya mutu. Akwai sabo a durowa. Na jawo kujerar katako na ajiye ƙarƙashinsa, na ɗora ƙafa ɗaya a kai. Na sauke.

Ni ne fa nake maƙale a saman falwaya da bel ɗaya, iska tana kaɗa ni, ina tauna gyaɗa ina kallon rufin gidajen mutane.

Na mayar da kujerar. Lungun ma ba wani duhu ne da shi da rana ba.

Juma'a, da safe

Ban je ba. Gobe.

Asabar, bayan la'asar

Auta ta zo da mijinta da motarsu tun da hantsi. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, yau kam babu mura babu famfo. Sa riga."

Na sa riga. Na sa wandon fita, na sa takalmi, har turare na shafa. Na kulle ƙofa. Suka yi gaba, na tsaya a saman matattakala.

Matattakalarmu ce, ta siminti, bakinta ya cinye ya yi sulɓi saboda taku. Ko ido rufe na san ta. Ga kwanar can ƙasa. An wanke wurin tuni, amma ni ina gani.

Na ce da ƙafata ta tafi, ta ƙi. Ba ciwo, ba komai, ta dai ƙi. Hannuna ya koma baya da kansa ya kama mariƙin ƙofa.

Auta daga ƙasa ta ce, "Baba, taho mana, lokacin dubiya yana wucewa."

Mijinta ya hawo ya miƙo mini hannu. Yaron kirki ne, ba shi da laifi. Ya ce, "Baba, ko in goya ka?" Da ƙasa ta buɗe a lokacin da na shige.

Sai ita ta hawo. Ta dubi rigata, gumi ya jiƙa ta har baya. Ta dubi hannuna. Ta ce da mijinta ya jira mu a mota. Ta ɓamɓare yatsuna daga jikin ƙofar ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake yi mata tana ƙarama idan ta riƙe abin mutane a kanti. Ta buɗe, ta zaunar da ni, ta durƙusa ta cire mini takalmi.

Ta ce, "Tun ranar ne?"

Na gyaɗa kai.

"Kai ma ka faɗi ne ba ka faɗa mana ba?"

Na ce, "Ban faɗi ba. Ƙarar na ji."

Ba ta sake tambaya ba. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kai a gwiwata, har mijinta ya danna odar mota.

Tsoro ne. Na rubuta, tun da an riga an gani.

Lahadi, da yamma

Babban ɗanmu ya bugo daga inda yake aiki. Ya ce, "Baba, don Allah kada ka sauko. Guda ɗaya ta ishe mu. Ka zauna, komai za a kawo maka." Mijin Auta ya zo ya canza ƙwan fitilar, ya naɗe dardumar falo don kada in yi tuntuɓe, ya ajiye mini bokiti mai murfi kusa da gado.

Kowa ya yarda in zauna. Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina. Da suka tafi kuma, na zauna ina kallon bokitin nan mai murfi, sai sanyin ya koma wani abu daban.

Laraba, da hantsi

Wandona ya yi mini yawa. Cinyoyina sun zama kamar ba nawa ba, idan zan tashi daga kujera sai na yi gaba na yi baya, na danna hannun kujerar da ƙarfi, kafin jiki ya ɗago. Makon jiya ba haka nake ba. Na rage shan shayi da ruwa don rage zuwa banɗaki, yanzu kai yana sarawa.

Ina yini a taga. Akwai wata mata mai sayar da lemo da ayaba a tsallaken titi, tana yini tana tashi tana zama, ta sunkuya, ta miƙe, ta tsallaka kwata ta ba wani canji ta dawo. Ko ƙasa ba ta kallo. Mutanen da ke saukowa daga bas ma haka, wasu tun ba ta gama tsayawa ba. Ina kallonsu gabana yana faɗuwa. Ban san yadda aka yi duk ba sa zubewa ba.

Alhamis, bayan la'asar

Auta ta zo da abinci, ta tsaya sai da na ci, sannan ta ce, "Baba, akwai maganar da ban faɗa maka ba. Mama ta ƙi tashi."

Ta ce akwai wata ma'aikaciya a sashen gashin ƙashi, aikinta ta koya wa waɗanda aka yi wa aiki tafiya. Kullum da safe sai ta zo da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dafawa. Tun a kwanakin farko suka so ta miƙe. Da an zaunar da ita a bakin gado sai ta damƙe ƙarfen gadon ta rufe ido, ta ce ƙafar za ta sake karyewa. Likita ya ce ƙarfen da aka sa mata ya fi ƙashinta ƙwari, kuma kwanciyar ta fi tafiyar haɗari, don baya yana yin gyambo, majina tana taruwa a huhu. Matan da aka yi wa aiki bayanta duk an sallame su.

Na ce, "Ki faɗa mata ta daure, ta tashi."

Auta ta dube ni. Ta fara tattara kwanuka.

Da ta kai ƙofa na ce, "Kin faɗa mata nawa?"

Ta ce, "Ta riga ni sani. Tun makon farko ta ce mu bar ka. Ta ce, 'Ni faɗuwa kawai na yi. Shi ya gani.'"

Asabar, da safe

Na buga waya. Auta ta ce uwarta ta gaji, ba za ta iya riƙe waya ba.

Lahadi, da safe

Haka yau ma.

Litinin, da azahar

Zazzaɓi ya rufe Tsohuwa. Tari. An ce huhu ne. An ɗauke ta daga jikin taga an mayar da ita gadon da ke kusa da teburin nas, an sa mata robar numfashi a fuska. Auta tana magana a hankali, irin maganar da ake yi wa yara da tsofaffi. Na ce ta faɗa mini gaskiya. Ta ce, "Ita ce gaskiyar, Baba. Su ma jira suke."

Na sa takalmi. Na je har ƙofa. Na dawo. Ina zaune da takalmin a ƙafata.

Talata, da yamma

Direba ya hawo yau bai zagi kowa ba. Ya tsaya a kaina ya ce, "Matarka tana can tana kokawa da numfashi, kai kana nan kana gadin filas."

Ya zauna. Can ya cire hula ya nuna mini wani tabo a ƙeya.

Ya ce, "Wannan banɗaki ne. Wannan na gwiwar hannu kasuwa ce. Na faɗi a gaban surukaina, riga ta rufe mini kai, jikokina suna dariya. Kana tsammanin ba na jin tsoro? Bayan ta banɗakin na yi wata biyu a ɗaki. Ka san abin da na samu? Wannan gwiwar. Zama ne ya ƙame ta, ba faɗuwa ba."

Na ce ni ba zan iya kallon kwanar nan ba. Da na leƙa ƙasa sai ƙafa ta mutu.

Ya juya sandarsa a hannu. Sai ya ce, "Tsaya. Kai da kake saukowa daga tsani, ina kake fuskanta?"

Na ce, "Tsanin mana."

"To wane ne ya yi doka cewa sai ka kalli ƙasa? Juya mata baya. Tashi mu gani."

Na ce mutane za su gani. Ya ce, "Mutane sun ga ƙeyata a waje, ban mutu ba."

Muka fita. Ya sauka ya tsaya a ƙasana, ya ce in na faɗo a kan tumbinsa zan sauka, ya fi katifa. Na juya na fuskanci ƙofata. Na kama ƙarfen da hannu biyu, na miƙa ƙafa baya ina lalube, har ta taɓa. Na sauke ɗayar. Jikina ya tuna abin, tun kafin ni. Na sauka 'yan kaɗan, na hawo. Ban kai kwanar ba.

Yanzu cinyoyina suna rawa kamar na yi noma. Ya ce zai zo gobe da hantsi.

Laraba, da yamma

Na je.

Zan rubuta shi daki-daki, don hannuna na dama yana ciwo, ba na son in sake.

Direba ya zo da hantsi. Na sa wandon fita. Na juya baya, na fara. Shi yana ƙasa yana surutu, yana ba ni labarin wani kwandasta da ya taɓa mantawa a tasha, ban ji rabinsa ba. Da na kai kwanar, ƙarfen ya girgiɗa a hannuna. Na tsaya. Na ji ƙarar nan a kunnena sarai, da ƙarar bokitin yana gangarawa, da yadda ta kira sunana na gaskiya, wanda ta yi shekaru ba ta kira ba. Na kifa goshi a bango. Direba ya daina surutu. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Sai na saki ƙarfen na dafa bango, na miƙa ƙafa.

Matar maƙwabci tana shara a ƙasa. Ta ga dattijo yana saukowa da baya. Ta ce, "Sannu da fitowa, Baba," ta juya tana share inda ta riga ta share. Allah ya yi mata albarka.

Waje ya yi mini faɗi. Haske, oda, mutane suna gogar kafaɗata. Muka kama hanyar inda tasi ke tsayawa, Direba a gaba da sanda, ni ina jan ƙafa kamar mai tafiya cikin ruwa. Muka tsallaka titi lafiya. A bakin kwata ne, wajen mai lemon nan. Murfin kwatar ya ɗan ɗago, na gan shi, na ɗaga ƙafa, ƙafar ba ta ɗagu yadda na ce mata ba.

Na faɗi.

Gwiwa ta fara sauka, sai tafin hannu, sai kafaɗa. Na kwanta kuncina a ƙasa, ina kallon ɓawon lemo a gaban hancina, ina jira in ji ƙarar. Ina jira. Babu. Sai ihun mai lemo, "Wayyo, Baba! Sannu! Sannu!"

Mutane suka taru za su finciko ni. Direba ya daka musu tsawa ya ce kowa ya dakata. Ya ce in motsa ƙafa, na motsa. Ya ce in juya in durƙusa, in kama ƙafar teburin matar nan, in ɗago gwiwa ɗaya. Ita ta danne teburin da jikinta don kada ya biyo ni. Na miƙe. Tafin hannu ya kuje, gwiwa tana jini kaɗan, wando ya yage. Ta wanke mini hannun da ruwan da take yayyafa wa kayanta, ta ce, "Baba, koma gida ka huta, ka sha magani."

Na dubi benenmu. Na san idan na hau yau, an gama. Na ce da Direba ya tsayar da tasi.

Asibitin akwai doguwar baranda, an goge ta tana ƙyalli. Jikin bango na bi. Auta ta hango mu ta toshe baki da hannu.

Tsohuwa ta zama ƙarama a gadon. Ban san za ta iya zama ƙarama haka ba. Gashinta a waje, ita da ko ni ba ta yarda in gan shi a hargitse. Na zauna a kujerar gefe. Ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon fuskata, sai idon ya gangara har gwiwata. Ta janye robar daga bakinta.

"Wa ya yaga maka wando?"

Na ce, "Ƙasa."

"Ka faɗi?"

"Na faɗi."

Ta numfasa, ƙirjin yana ƙara. "Da zafi?"

"Da zafi. Kaɗan."

Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ya shiga kunne. Ta ce, "Wandon fita ne fa." Nas ta zo ta mayar mata da robar. Na riƙe hannunta da hannun hagu har aka kore mu.

Hawa ya fi sauƙi. Mijin Auta yana bayana, bai ce zai goya ni ba.

Alhamis, da yamma

Jiki duk ya yi tsami, kafaɗa ta kumbura. Tsoron yana nan, bai je ko'ina ba, a saman matattakala ya tare ni kamar jiya. Na sauka da shi. Tsohuwa ba ta farka ba duk zaman da na yi.

Juma'a, da yamma

Rana mara kyau. Ba ta gane Auta ba, ta kira ta da sunan ƙanwarta da ta rasu. Likita ya canza allura. Na tambaye shi, ya ce, "Baba, a ci gaba da addu'a." Na san abin da ake nufi da wannan.

Da ma na je tun da wuri. Ba zan sake rubuta wannan ba.

Lahadi, da azahar

Zazzaɓin ya sauka. Ta sha shayi rabin kofi, ta ce ba a sa sukari ba. An sa.

Talata, bayan la'asar

An cire robar. Na haɗu da mai gashin ƙashin, wata mata mai faɗin kafaɗa, ta kusa sa'ar babban ɗanmu, ba ta kwana-kwana. Ta ja ni baranda ta ce, "Baba, ba zan yaudare ka ba. Lokacin da ya fi kyau ya wuce, naman ƙafarta ya zube. Za ta iya tsayuwa idan ta yarda, wataƙila ta yi tafiya a cikin ɗaki da ƙarfe. Bene kuwa, ku cire rai." Sannan ta dubi yadda nake jingine da bango ta ce, "Kai ma majinyacina ne, ba ka sani ba." Ta zaunar da ni a benci ta ce in tashi ba tare da dafawa ba. Na kasa. Ta ce in riƙa gwadawa safe da yamma, kusa da tebur, in kuma koma shan ruwa.

Auta ta ce akwai ɗaki a gidansu, a ƙasa, babu hawa.

Ni na faɗa wa Tsohuwa. Ta juya fuska bango. A gidan nan muka yi goyon yaranmu duka, a tagar ɗakin girkinsa take tsayawa ta hango ni na dawo daga aiki. Na ɗauka barci ta yi. Can ta ce, "Labulen falo ni na ɗinka. Kada a bar wa kowa."

Laraba, da yamma

An kawo ƙarfen. An zaunar da ita a bakin gado. Ta rufe ido ta ce gobe. Ni ba ni da bakin ce mata ta tashi.

Alhamis, bayan la'asar

Na isa da wuri, kafin mai gashin ƙashi ta zo. Tsohuwa ta sa Auta ta ɗaura mata ɗankwali.

Aka zaunar da ita, ƙafafunta suka sauko suna lilo, sirara kamar na yarinya. Aka sa mata takalmi mai roba a ƙasa. Matar ta ɗaura mata wani faffaɗan bel a ƙugu ta riƙe ta baya, ta ajiye ƙarfen a gabanta, ta ce ni in tsaya ta gaba.

Tsohuwa ta kama ƙarfen. Ta ce, "Kada ka riƙe ni. Idan na tafi, tare za mu tafi, Auta ta rasa wanda za ta ɗaga."

Na ce to. Na ɗora hannuwana a kan nata.

Ta ce, "Ina jin tsoro, Injiniya."

Na ce, "Na sani. Ba ya tafiya. Tashi kawai ake yi da shi."

Matar ta ce ta sunkuyo gaba, ta danna ƙasa da ƙafa. Ta ɗago kaɗan ta koma. Ta yi nishi, ta yi salati, ta sake. Na ji nauyinta duka ya sauko cikin ƙarfen, ya bi ta hannuna. Sai ga fuskarta tana tasowa, tana tasowa, har ta zo daidai tawa.

Matar gadon kusa ta fara tafi, nas ta ce ta yi shiru.

Ba ta yi taku ba. Ko ɗaya. Tana tsaye dai, gumi yana tsattsafo mata a goshi, tana haki. Ta buɗe ido, ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da take yi mini idan zan fita unguwa.

Ta ce, "Ka ranƙwafa."

Na ce, "Ke ma."

Muka tsaya haka, ni da ita, ƙarfen a tsakaninmu, ƙafafunmu duka suna rawa. Ba wanda ya ce a zauna.